Ku Tambayi Bakanike: In karɓi aikin gyaran motocin ƙaramar hukuma ko in zauna a garejin ogana?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonni sun taru min sosai wannan karon, na ɗebo guda uku da naga duk suna zagaye abu ɗaya, ta farkon zan daɗe a kanta don ta taɓo inda na kwashe shekaruna ina aiki. Sauran kuyi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Baba, dan Allah shawara nake nema. Ni matashi ne a Tudun Wada nan Zariya, shekarata 23, ina gama sakandare na shiga gareji yanzu shekara huɗu kenan ina hannun ogana, ƙananan motoci masu fetur muke gyarawa irinsu Golf da Corolla da Sharon, bai yaye ni ba tukuna amma ina iya sauke inji in ɗora. To kawuna yace akwai gurbin ƙaramin bakanike a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma, a wucin gadi za a fara ɗaukata. Abokaina na gareji suna ta cewa aikin juye baƙin mai ne kawai da zaman benci hannuna zai mutu, ni kuma tsorona ban taɓa kama injin gas ba. In je ko in zauna Baba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah yayi maka albarka da ka tsaya tambaya kafin ka yanke. Ni dai nace ka je, amma da sharuɗɗa, zan kawo su a ƙasa. Bari in fara da maganar abokanka don ita tafi tsaya min a rai.

Juye baƙin mai da suke rainawa, wallahi shine aikin. A gareji sai mota ta mutu ake turo maka ita, mai ita na tsaye a kanka yana duba agogo, ka gyara ya biya ya tafi, wataƙila bazaka sake ganinsa ba sai bayan wata shida. A wurin hukuma motocin naka ne kullum, su ɗinne dai zaka gani gobe da jibi, tifar kwasar shara, tankar ruwa, motar ɗaukar marasa lafiya, Hilux ɗin da ake kai allurar rigakafi ƙauye da ita, tarakta, in wurin na da hali har da gireda, kuma abun da ake so daga gareka shine kar su mutu tun farko. Duk ranar da tifa bata fita ba bola ce zata kwana a bakin kasuwa, in damina ce ta toshe kwata ruwa ya shiga gidajen mutane, wanda ya zauna cikin birni ko Sabon Gari a watan Agusta yasan abun da nake faɗa.

Akwai daren da bana mantawa. Lokacin ina sabon zuwa a wata ƙaramar hukuma da bazan ambata ba, wajen ƙarfe ɗayan dare aka buga min ƙofa, wata mata naƙuda tayi mata tsanani a ƙaramin asibiti ana so a wuce da ita babban asibiti, direba ya murza makulli motar tayi ƙas ƙas ta ƙi tashi. Nazo a guje da tocila a baki na ɗaga bonet, ba komai bane illa kan batir da ya ci farin gari ya saki, abun da sifana mai lamba 10 da ɗan ruwan zafi zasu gyara cikin minti biyar, to amma kafin a taso ni in iso an kusa cinye awa guda, mijin matar na tsaye jikin motar ya kasa magana sai hannu yake murzawa. Allah ya taimaka ta sauka lafiya. Amma ni nasan da safiyar ranar na wuce motar nan sau uku ban buɗe ta ba saboda ina ganin ai tana tsaye ba inda taje. Tun daga ranar duk safiya ita nake fara dubawa kafin in zauna.

Kaga abun da gareji baya koya maka kenan, motar da take tsaye itama lalacewa take. Batir na sauka a hankali, lafiyayyen batir mai bolt 12 in ka ɗora masa mita inji a kashe ya kamata kaga kusan 12.6, in inji na aiki kuma tsakanin 13.5 zuwa 14.5, in bai kai ba to caji baya shiga, ka kira ɗan rewaya. Taya na tsagewa a rana ko da zanenta bai ci ba, ka duba gefenta akwai lamba huɗu, in kaga 2319 to an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019, tsohuwa ce komai kyan fuskarta kar ka yarda a ɗauki mara lafiya a kanta a hau titin Kaduna. Baƙin mai ko ba a ci kilomita 5,000 ba in ya kai wata shida a ciki a juye shi. Tarakta da gireda kuma ba da kilomita ake musu lissafi ba, da awa ne, yawanci duk awa 250 ake sabis, akwai mitar awa a gaban direba, in ta mutu ka matsa a gyara don ba ita kana aiki a duhu ne.

Maganar injin gas kar ta baka tsoro. Wanda ya iya sauke injin fetur ya ɗora ya riga ya san fistin da ringi da gasket da taimin, duk suna nan. Bambancin shine babu fulogi mai tartsatsi, matse iska ake yi har tayi zafin da man zai kama da kansa, shi yasa komai nasa yafi nauyi yafi ɗauri. Abu biyu ne baya so sam, ruwa da iska a layin mai. A ƙasan filtar gas akwai ɗan kofi da ruwa ke kwanciya, ka kwance ka zubar, musamman da yake gas ɗin da ake samu wani lokacin ba a rasa shi da gauraye, ruwan nan in ya wuce famfo da nozul yake ci kuma kuɗinsu ba wasa ba. In ka canja filta iska ta shiga, inji zai yi ta juyawa ya ƙi tashi, sabon yaro sai ya kashe batir yana ta murzawa, alhali ɗan famfon hannu ne zaka yi ta dannawa ka sassauta notin cire iska har kumfa ta ƙare man ya fito zalla sannan ka ɗaure. Amma ka kiyaye, sababbin injuna masu kwamfuta irin na Hilux na yanzu, kar ka kuskura ka sassauta bututun nozul inji na aiki ko ka sa hannu kana laluben inda yake yoyo, ƙarfin man a ciki ya haura bar 1,500 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne), yana huda fata kamar allura ya shiga tsoka.

Sai burkin iska na manyan motoci, shi kam sabon karatu ne gareka, ka nemi dattijon wurin ka durƙusa ya koya maka. Kwamfaresa ke tara iska a tankuna, ka bari allurar ta hau wajen bar 8 sannan a motsa mota, ruwa yana taruwa a tankunan nan kullum, a ƙasansu akwai ɗan zobe ka ja shi kaji fuuu ruwa ya fita, in kaga baƙin mai na biyo ruwan to kwamfaresa ta fara gajiya ka rubuta. Ka kashe inji ka taka burki ka saurara, in kaji tsiii to akwai inda take tsiyaya, ruwan omo zaka shafa kumfa ta nuna maka wurin. Kuma yawancin manyan nan batir biyu ne a haɗe bolt 24, kar ka ɗauko waya ka haɗa da ƙaramar mota wai zaka tada ta. Da hunturu ya shigo ƙurar nan ta Zariya ta fara, filtar iska ce abun dubawa kusan kullum, a hura ta daga ciki zuwa waje a hankali, banda bugata da taya yadda yara keyi, in takardar ta tsage ƙura ta wuce ringi take cinyewa inji ya fara shan mai yana hayaƙi.

Yanzu ga inda aikin yake da ɗaci, kuma bazan ɓoye maka ba. A gareji kace filta ta mutu mai mota ya zaro kuɗi a tura yaro ya sayo. A hukuma sai ka rubuta, shugaban sashe ya sa hannu, takarda ta tafi sito, in babu a sito ta zama bauca ta shiga fayil, fayil ya kwanta a tebur sati uku wata guda, motar kuma ana ta aiki da ita don ba za a daina kwasar shara ba, har ranar da inji zai yi nokin abun da ƴan dubbai zasu tare ya koma na miliyoyi. Ka leƙa harabar sakatariya da yawa a ƙasar nan zaka ga motoci a kan duwatsu ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu, mafi yawansu ba haɗari sukayi ba, ƙaramin abu ne ya tsayar da su, sai aka fara a ciro mata batir a sa wa waccan, gobe a ciro kik, jibi taya, shikenan an yanka ta. Wannan abu yana min ciwo har yau don da kuɗin talakawa aka saye su.

To makaminka a nan littafi ne da biro. Ka sayi babban littafi ko da kuɗinka ne, kowace mota da shafinta, kwanan wata, lambar kilomita ko awa, abun da ka gani, abun da ka canja, abun da ka nema ba a baka ba da ranar da ka nema. Ka ɗauki hoto da wayarka ka ajiye. Duk abun da ka cire tsoho ka mayar sito a rubuta an karɓa. Kar ka ciri ko noti ɗaya daga wata mota zuwa wata sai da umarni a rubuce, in babba ya faɗa maka da baki kace ranka ya daɗe a taimaka a sa min a takarda, cikin ladabi ba da faɗa ba. Abu na ƙarshe wanda yafi duka, kar ka taɓa sa hannu a kan aikin da ba a yi ba ko kayan da baka gani da idonka ba. Ni an taɓa miƙo min takarda a tsaye ana sauri akace sa hannu an yi wa tankar ruwa sabis, ina yaro ina jin nauyin manya na sa, ashe ko filta ɗaya ba a canja ba, bayan wata biyu inji ya kama, da aka zo bincike sunana ne a takardar, waɗanda suka miƙo min kowa ya kau da kai. Da ƙyar na tsira da aikina, kuma sai da nayi shekara ina jin kunyar haɗa ido da direban tankar don shi aka fara zarga. Za a kawo maka jabun filta a kwalin orijina, za a kawo baƙin mai na durom da ba a san asalinsa ba, in baka yarda da shi ba ka rubuta baka yarda ba ko da za a sa dole.

Sharuɗɗan da nace kuwa, na farko takarda. Wucin gadi ba laifi bane a fara da shi amma ka san waye zai biya ka, nawa ne, duk wata ne ko sai an samu, kuma akwai hanyar tabbatarwa ko babu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun da aka sa hannu a dokar a watan Yulin 2024, amma ɗan wucin gadi sau da yawa ba a lissafa shi a ciki, kuma fansho sai wanda aka tabbatar, don haka ka tambaya da bakinka kar ka dogara da ance. Duk wanda yace ka kawo kuɗi a saya maka gurbin ka riƙe kuɗinka. Na biyu ka nemi satifiket ɗin trade test, wato gwajin sana'a, na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ana farawa da mataki na 3 sai na 2 sai na 1, a aikin gwamnati hannunka ko ya kai na kowa in ba takarda a ƙasa za a barka, in kana da hali ka haɗa da jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa. Lasin tuƙi ma ka yi, dole zaka riƙa gwada mota bayan gyara, kuma na ƙaramar mota bai isa ka ja tifa ba.

Na uku kuma ogan nan naka. Shekara huɗu yana baka kuɗin abinci yana haƙuri da kusoshin da ka karya, kar ka sulale ya ji a bakin mutane. Ka ɗauki kawun naka ko mahaifinka kuje har gida a gaishe shi a nemi ya yaye ka ya sa maka albarka, sannan ka roƙi ya bar maka ƙofa a buɗe kana zuwa Asabar da Lahadi, nan ne hannunka bazai mutu ba kuma ɗan abun cefane zai riƙa shigowa ranar da albashi ya makara. A Disambar 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta fara tsarin zuwa ofis kwana huɗu, Litinin zuwa Alhamis, ga yawancin ma'aikata, ka tambaya ya abun yake a sashen da zaka, in kana da Juma'a to kaga ƙarin rana kenan a gareji. Sai dai mai kula da motar asibiti wayarsa bata kashuwa da dare, wannan ka sa shi a ranka tun yanzu.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni uwa ce daga Gyallesu, yarona wata biyar kenan da fara aiki wurin gyaran motocin kwasar shara, kullum ya dawo hannunsa duk ya tsage yana warin fetur ga tari da dare, ni dai hankalina bai kwanta ba, in ce ya bari ne?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya raya mana shi. Kar ki ce ya bari, amma ki zaunar da shi ki karanta masa wannan, ki ce inji babansa. Ya daina wanke hannu da fetur yau ɗin nan, shi ke busar da fata ya tsaga ta kuma yana shiga jiki, omo da ɗan garin katako ko yashi mai laushi sun isa su fitar da giris, in ya gama ya shafa man kaɗanya. Baƙin man da aka juye daga inji guba ne in yana daɗewa a fata, kar ya riƙa sa tsumman da ya jiƙe da shi a aljihun wando. Ya daina zuƙo mai da tiyo a baki, digo kaɗan in ya faɗa huhu yana kwantar da mutum. Kar a bar inji na aiki a cikin rumfa rufaffiya, kuma in yana kwance burki kar ya hure ƙurar da baki ko da iska, ya jiƙa tsumma ya goge. Motar shara kuma Hajiya ba kamar sauran bace, akwai fasassun kwalabe da allurai da ruɓaɓɓen ruwa a jikinta, a wanke ta kafin ya shiga ƙarƙashi, ya sa safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe ba silifas ba, ya je a yi masa allurar tetanus. Tarin nan in ya kai sati biyu ki kai shi asibiti a duba ƙirjinsa, gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, kar a tsaya sayen maganin tari a kemis.

Abun da yafi tsorata ni ban ma ji kin ambata ba. Ki ce masa ko minti ɗaya ne, ko sifana ce ta faɗi zai ɗauko, kar ya shiga ƙarƙashin bodin tifa da aka ɗaga sai an tokare shi da ƙarfen tokara, haidurolik ne kawai ke riƙe da shi, tiyo ɗaya ta fashe bodin nan saukowa yake gaba ɗaya ba ya jira. Haka jak, ba a kwanciya ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai sai an sa tsayayyen ƙarfe ko katako mai kauri an kuma tare tayoyi, banda bulo don bulo fashewa yake. Makullin motar ya zauna a aljihunsa muddin yana ƙasa, kar direba yazo bai sani ba ya tayar. In wani babba yace yi sauri ba komai, ya ce a yi haƙuri Mama ta hana, ba wanda zai kore shi a kan wannan.

TAMBAYA: Oga ni ina Samaru, na gama difloma a fannin injiniyan motoci a kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ina son irin wannan aikin amma naji ance yanzu komai ya koma kwamfuta da gas na CNG, me zan ƙara koya?

AMSA: Ƙanena duka biyun, amma ka fara da wuta. Ka iya karanta zanen wayoyi ka iya aiki da mita, sannan ka sayi ƴar na'urar OBD2 mai karanto matsala daga kwamfutar mota, wadda ake haɗawa da waya, sai dai ka sani lambar da take baka tana nuna inda zaka duba ne ba abun da zaka canja ba, na sha ganin an sayi sensa sabuwa alhali ɓera ne ya ci waya. CNG kuma, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya mota ta yi aiki da ita, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 hukumomi ke ta waiwayarsa, kuma kai gaka ga NITT a hanyar Basawa, cibiyar koyar da fasahar sufuri ce ta tarayya tun 1986 kuma suna horar da masu juya mota zuwa gas, ka taka da ƙafarka ka tambayi yadda ake shiga. Tukunyar CNG tana ɗaukar matsi har bar 200, ba tukunyar gas ɗin girki bace kuma ba a yi mata walda, kar ka koya a wurin wanda shima a waya ya gani. Kafin nan ka samu gareji ko a Kwangila ko Ɗan Magaji inda manyan motoci ke tsayawa kayi ko wata shida kana kwanciya a ƙasa, don ranar gwaji sifana zasu miƙo maka su nuna maka tifa suce cire mata iska.